Zoben da Ke Cikin Maganin Zazzaɓi

Madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka kammala a 1978, ta wadata Maradun da Talata Mafara da Bakura da shinkafa, sai dai ruwan da ke rayar da shuka shi ne kuma matattarar sauro. Duk damina ana bi gida-gida ana bai wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, bisa shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2012. Sinadaran maganin, irin su amodiyakwin da firimetamin, an gina su ne a kan zoben ƙwayoyin zarra na kabon da naitirojin. Wani bincike na 2014 ya gano irin wannan zobe a kashi 59 cikin ɗari na magungunan sinadari da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da su.

Ƙera irin waɗannan zobba na daga cikin manyan ayyukan masana kimiyyar sinadarai, kuma sau da yawa ƙarfe ke sauƙaƙa shi. Aikinsa kamar na dillali ne: ya haɗa ɓangarori biyu, ciniki ya faɗa, shi kuma ya koma ya haɗa wasu. Faladiyam ya yi fice a wannan dillanci, har Heck da Negishi da Suzuki suka sami kyautar Nobel ta 2010 a kansa, amma yana da tsada sosai. A 2002 kuwa, Morten Meldal da Barry Sharpless, kowa a nasa ɗakin gwaji, suka nuna cewa jan ƙarfe na ɗaure zobe mai naitirojin uku, a cikin ruwa ma, ba tare da zafi mai yawa ba.

Nan ya kamata Zamfara ta sa ido. Mafi yawan sinadaran da masana'antun magunguna na Nijeriya ke sarrafawa daga Indiya da Sin ake shigo da su, saboda haka duk faɗuwar naira kan majinyaci take ƙarewa. Kafa masana'anta ba aikin shekara ɗaya ba ne, amma horar da masu ƙera sinadarai abu ne da jiha za ta iya somawa yau. Talata Mafara na da jami'ar jiha da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau. Abin da ya dace gwamnati ta tanadar musu shi ne ɗakin gwaji mai wuta da ruwa, da na'urar tantance abin da aka haɗa, da malamai masu koyar da kiyaye haɗari, domin wasu daga cikin kayan haɗin na iya fashewa. Da jan ƙarfe mai araha, ɗalibin Bakura zai iya haɗa zoben da hannunsa kafin ya karɓi takardar digiri.