Wasiƙa a Buɗe ga Masu Ƙera Jiragen Yaƙi a Wasannin Kwamfuta



Ina rubuto muku wannan takarda ne, ya ku malaman ƙira, ku da Allah ya hore wa basirar tono jiragen Yaƙin Duniya na Biyu daga tsofaffin kundaye ku rayar da su cikin kwamfuta, har dubban mutane daga ƙasashe daban-daban su haɗu ta intanet, kowa na zaune a ɗakinsa, su yi ta ɗauki-ba-daɗi a samaniyar da ku kuka shimfiɗa musu. Mas'ala guda ce ta sa na ɗauki alƙalami, wato idan 'yan wasa suka matsa da roƙo a ƙara musu jirgin artabu mai nauyi, mai inji biyu, irin Messerschmitt Bf 110 na Jamus, yaya za a shigar da shi ba tare da an zalunce shi ba, ba kuma tare da an yi wa tarihi ƙage ba.

Wanda zai ƙera abu a karo na biyu, wajibi ne ya fara sanin dalilin da ya sa aka ƙera shi a karo na farko. Lokacin da Bf 110 ya fara tashi, ranar 12 ga Mayu, 1936, abin da hafsoshin Jamus suke nema, musamman Hermann Göring wanda ya ɗauke shi ɗan lele, shi ne jirgin da zai ɗauki mai da yawa ya raka jiragen bom zuwa ƙasa mai nisa, ya kuma ɗauki makamai masu nauyi da zai ragargaza duk abin da ya sha gabansa. Saboda haka aka sa masa inji biyu na Daimler-Benz, aka tara masa mashingan huɗu da igwa biyu masu faɗin milimita 20 a hanci, aka zaunar da mutum na biyu a bayan matuƙi. A Folan da Norwe ya yi abin da aka ƙera shi dominsa, haka nan ranar 18 ga Disamba, 1939, da jiragen Wellington 22 na Ingila suka iso gaɓar Jamus da rana tsaka, shi da ƙaramin ɗan'uwansa Bf 109 suka kakkaɓo 12 daga cikinsu, abin da ya taimaka wajen karkatar da Ingila ga kai farmaki da dare. Amma da aka kai shi samaniyar Ingila a 1940, aka ɗaure shi da rakiyar jiragen bom kusa-kusa, ya rasa tsawo da gudun da yake tinƙaho da su, sai Hurricane da Spitfire na Ingila, waɗanda ya ninka nauyinsu fiye da sau biyu, suka riƙa shan gabansa wajen juyi, har matuƙansa suka koma yin da'ira a sama, kowane jirgi na tsare bayan na gabansa.

To, ku dubi filin da galibin wasanninku suke da shi. Sansanonin abokan gaba kusa da juna, rana tsaka, kowa na ganin kowa, a gama komai cikin 'yan mintoci, lada kuwa ga wanda ya fi kakkaɓo jirage. Wannan shi ne ainihin yanayin da ya kunyata Bf 110 a 1940. Idan kuka jefa shi ciki haka nan, kun shigar da raƙumi filin sukuwa, inda babu mai tambayar kayan da yake iya ɗauka ko kwanakin da yake iya yi bai sha ruwa ba. Daga nan ƙorafi zai taso, 'yan wasa su ce jirgin ba shi da amfani, a ƙara masa ƙarfi, ku kuwa zuciya ta raya muku ku rage masa nauyi a ɓoye, ku sassauta masa juyi, domin a zauna lafiya. Ina yi muku nasiha da ku guji wannan, domin algus ne, ko da an yi shi da kyakkyawar niyya, kuma mai wasan da ya ba ku kuɗinsa da lokacinsa bisa alkawarin cewa abin da yake tuƙawa kwatankwacin na gaskiya ne, amana ya ba ku.

Nasihata ta farko ita ce tahaƙiƙi. Ruwayoyi game da waɗannan jirage ba daraja ɗaya suke ba: littafin da masana'anta ta rubuta wa matuƙa, da sakamakon gwaji na cibiyar Rechlin a Jamus, da rahoton Turawan Ingila da suka kama guda a 1940 suka gwada shi a Farnborough, duk sun fi ƙarfin hujja a kan abin da tsohon soja ya tuno bayan shekaru masu yawa, ko da yake shi ma ba a yar da maganarsa, domin shi ya san yadda sandar tuƙi ke taurara idan gudu ya yi yawa. Idan ruwaya biyu suka saɓa, ku bayyana wa jama'a wadda kuka rinjayar da dalilin rinjayarwa. Kada kuma ku cakuɗa samfuri da samfuri, domin C na 1940 mai injin DB 601 daban yake da G na 1943 mai injin DB 605, G-4 na dare kuwa ƙarafan radar da ke hancinsa suna rage masa gudu. Tunda babu ko ɗaya da ke tashi a yau, wanda ya sami hali ya je ya ga na gidan tarihin sojan sama da ke Landan, ko na gidan tarihin fasaha da ke Balin, ya auna da idonsa abin da matuƙi ke iya gani da abin da fukafukai da injuna suke kare masa.

Ta biyu, ku bar masa aibinsa ku kuma cika masa falalarsa. Injuna biyu da ke kan fukafukai, nesa da tsakiyar jiki, su ke sa ya yi nawa kafin ya karkata, kuma idan ya zubar da gudu a juyi sai ya daɗe bai maido shi ba. Wannan kada ku taɓa shi. Amma bindigoginsa da ke tare a hanci suna aika harsashi a miƙe ko kusa ko nesa, saɓanin Spitfire da Hurricane da bindigoginsu takwas ke kan fukafukai, sai an saita su su haɗu a wata tazara. Wannan kada ku tauye masa. Haka nan idan inji ɗaya ya mutu, ya kamata jirgin ya riƙa jan gefe guda, matuƙi ya tsayar da farfelar da ta mutu, ya danne da wutsiya, ya lallaɓa zuwa gida, domin komawa gida da inji ɗaya na daga manyan dalilan da suka sa aka yi inji biyu.

Ta uku, ku kula da mutumin baya. A wasanni da yawa, idan kwamfuta ce ke riƙe da bindigarsa, ko dai ya zama makaho ko ya zama maharbin da ba ya kuskure ko jirgi na birkicewa, duka biyun kuwa ba gaskiya ba ne. A samfuran farko bindiga ɗaya ce tak a hannunsa, kuma shi ne mai rediyo, shi ne mai sauya wa igwoyi gangar harsashi da hannu duk sa'ad da 60 ɗin da ke ciki suka ƙare, aikin da ba ya yiwuwa yayin da matuƙi ke wujijjiga jirgi. Mafi girman amfaninsa idanunsa ne. Ku ba shi murya ya gargaɗi matuƙi, in da hali kuma ku buɗe kujerar ga ɗan wasa na biyu, domin mutum biyu su koyi dogaro da juna kamar yadda aka yi a asali.

Ta huɗu, wadda ita ce jigon wannan takarda: maimakon gyara jirgi ya dace da fili, ku faɗaɗa fili ya ɗauki aikin jirgi. Ku yi taswira mai nisa inda mai ƙaramin tanki zai tilasta wa kansa juyawa. Ku kawo ayarin jiragen bom da za a tare, da jiragen ruwa da za a kai wa hari, kamar yadda jiragen Beaufighter na sojan Ostareliya suka yi wa ayarin Japan a Tekun Bismarck cikin Maris 1943. Ku kawo dare na gaskiya, mai duhu, domin a nan ne Bf 110 ya sami gurbinsa, da radar Lichtenstein da igwoyin da aka kafa suna kallon sama, yana shiga ƙarƙashin Lancaster, jirgin bom na Ingila, inda ba ta da maharbi. Matuƙin Jamus Heinz-Wolfgang Schnaufer a cikinsa ya kakkaɓo jirage 121. Sa'an nan ku daidaita mizanin lada, ta yadda wanda ya raka ayari ya dawo da shi lafiya, ko ya hana bom sauka a gari, zai sami rabo ko da bai kakkaɓo kowa ba. Idan kuwa kuka haɗa Bf 110 da Mustang na Amurka da rana, kamar yadda ya faru a 1944, ku bar shi ya sha kashi, domin haka aka yi.

Daga ƙarshe, akwai ladabi da ya rataya a wuyanku. Kowace Lancaster da ta faɗi mutum bakwai ne a ciki, kuma gwamnatin da Bf 110 ya yi wa aiki gwamnatin zalunci ce da ta halaka miliyoyin bayin Allah. Ku rubuta tarihin jirgin a cikin wasa da adalci, ku yaba wa ƙira inda ta cancanci yabo, kada ku ƙawata aƙidar da ta tura shi yaƙi, domin yara da yawa daga wurinku za su fara jin labarin wannan yaƙi kafin su ji shi daga malami.

Saboda haka ina roƙonku, idan ba ku shirya gina masa nisa da dare da ayarin da zai tare ba, ku jinkirta shigar da shi har ku shirya, ku kuma gaya wa masu roƙo dalili a sarari. Allah ya ƙara muku basira, ya sa albarka a sana'arku.