Ja Ne Ko Kore?

A makon jiya na ziyarci wani dattijo mai sayar da goro a Agege, a cikin Ikko, na tarar da ɗansa zaune a shago ya zuba tagumi. Saurayi ne ɗan shekara ashirin da biyu. Tun yana ƙarami ba shi da wani buri sai tuƙin jirgin ƙasa, ba kuwa abin mamaki ba ne ga yaron da ya tashi yana jin jiniyar jirgi daga ɗakin uwarsa. Dogo ne ya raya Agege. Tun da aka haɗa Ikko da Kano a 1912 goro ke hawa Arewa, shanu na gangarowa Kurmi, Hausawa kuma suka yi ta kafa zango a bakin tasha har suka zama gari guda da sarkinsu.

Shi wannan saurayi ya daɗe yana tuƙi, amma a cikin kwamfuta. Akwai wasu wasanni da ake kwaikwayon aikin direban jirgi a cikinsu, irin su Microsoft Train Simulator wanda ya fito a 2001, da Train Sim World na bayansa. Da na ji labarin na ɗauka shiririta ce irin ta yaran zamani, sai da ya kunna mini na gane na yi kuskure. Ga kan jirgi da dukkan maɓallansa, ga birki, ga ma'aunin gudu. In ka wuce tasha da taku goma an rage maka maki, in ka keta sigina wasa ya ƙare. Ya bayyana mini yadda nauyin taragu ke tura jirgi a gangare, da dalilin da ya sa ake zuba yashi a kan dogo lokacin ruwan sama, bayanin da ban taɓa ji ba a duk shekarun da na yi ina aikin jarida.

Da aka buɗe sabon dogon Ikko zuwa Ibadan a 2021, mai tsawon kilomita 157, aka gina babbar tasha a Agege, sannan jirgin cikin gari da ake kira Jan Layi ya fara ɗaukar fasinja a 2024 daga Agbado zuwa Oyingbo yana tsayawa a ƙofar gidansu, sai yaro ya ga kamar an yi don shi ne. Ya nemi shiga horon tuƙi, ya ci jarrabawar takarda. Aka tura shi gwajin lafiya. Likita ya buɗe masa wani ɗan littafi, kowane shafi da da'ira cike da ɗige-ɗige masu launi, ya ce ya karanta lambar da ke ciki. Ya karanta ta farko, domin ita kowa na iya ganinta. Daga nan sai ya riƙa ganin ɗigo kurum. "Wallahi Yaya," in ji shi, "na ɗauka wasa likitan yake mini."

Littafin nan wani likitan Japan ne mai suna Shinobu Ishihara ya fito da shi a 1917, har yau kuwa da shi ake fara gwaji a yawancin ƙasashe. Abin da yake tonawa shi ne rashin rarrabe launi, musamman ja da kore. Mu Hausawa mun raɗa wa dundumi suna, mun san yanar ido da amosanin ido, amma ban taɓa jin sunan wannan ba, don kuwa mai shi yana karatu, yana zura zare a allura, ba mai zarginsa da komai. Gado ne, kuma ta wajen uwa ɗa namiji ke samunsa, ko da ita uwar tana gani garau. Saboda haka ya fi yawa ga maza. A cikin Turawan arewacin Turai wajen namiji ɗaya cikin goma sha biyu yana da shi, mace kuwa ɗaya cikin ɗari biyu. A Afirka bai kai haka ba, amma akwai shi. Ba shi da magani, tabarau masu launi da ake tallarsu kuma ba su kawar da shi.

Mahaifin yaron ya tambaye ni, to ai ɗansa yana tuƙa mota, me ya sa ba a hana shi ba? Amsar ita ce fitilar titi tana da tsari, ja a sama, kore a ƙasa, ga ta kusa, ga sauran motoci suna tsayawa. Direban jirgi kuwa cikin dare ɗigon haske ɗaya yake hangowa daga nesa, wani lokaci cikin hazo ko ƙura, ba abin da zai gaya masa ma'anarsa sai launi. Jirgi mai nauyi da ke cikin gudu yakan ci kilomita guda ko fiye kafin ya tsaya, ba ya kuma kaucewa. A cikin kwamfuta wasan yakan nuna maka halin siginar da ke gaba a gefen allo, in ka yi karo kuma ka sake daga farko. Wannan ne ya ɓoye wa yaron matsalarsa shekara da shekaru.

Tarihin gwajin ya faro ne daga wani karo da jirage biyu suka yi a Lagerlunda ta ƙasar Suwidin a 1875, inda mutum tara suka rasu. Wani malami mai suna Frithiof Holmgren ya ɗora laifin a kan rashin ganin launi, ya ƙirƙiro gwaji da zaren ulu, reluwen ƙasashe suka bi sahu. Masu bincike na baya sun yi shakkar ko hakan ne ainihin dalilin hatsarin, amma dokar ta zauna. A Ingila yanzu akwai gwajin kwamfuta da ake kira CAD, wanda ke auna tsananin matsalar, domin wani nasa kaɗan ne, bai kai a hana shi aiki ba. Zan so mu ma a riƙa yin irin wannan gwaji na biyu kafin a yanke wa mutum hukunci.

Wani daga cikin masu zama a shagon ya kawo shawara a nemo hoton shafukan a intanet yaro ya haddace lambobin, ko kuma a ga wani a ba shi na goro. Na ji daɗi da dattijon ya daka masa tsawa, ya ce shi ba zai ɗauki alhakin rayukan tarago goma ba don ɗansa ya sa kaki.

Abin da ya dame ni dai shi ne lokaci. Gwajin nan ba ya cin minti biyar. Da an yi wa yaron nan shi a aji uku na firamare, da ya sha baƙin cikinsa tun yana ɗan shekara tara ya juya ga wani abu, don reluwe tana da ayyukan da ba su dogara da launi ba, kamar lissafin kuɗi da sayar da tikiti da tsara jigilar kaya. Ina roƙon hukumomin ilmi na jihohi da kwamitocin makarantun Islamiyya na zango-zango su tanadi littafin nan, su nemi ma'aikacin lafiya ya zagaya da shi sau ɗaya a shekara. Aikin tuƙin jirgin sama da na ruwa da haɗa wayoyin lantarki duk suna da irin wannan shinge.

Kafin in tashi uwar yaron ta aiko daga cikin gida cewa ta tuna wanta, watau kawunsa, ya taɓa sayo mata atamfa ruwan ƙasa ya rantse koriya ce, aka yi ta yi masa dariya. Alhaji ya ce ranar Litinin zai kai ƙannen yaron maza biyu a duba su.