Daga Zauren Bincike Zuwa Gonar Gyaɗa

Idan an kafa sanarwa cewa ɗaliban digiri na biyu da na uku a fannin ilmin ƙananan halittu za su yi taron ƙara wa juna sani, akasarinmu mukan wuce abinmu, muna ganin zancen masu madubin likita ne. A ra'ayinmu wannan taro ya shafi kowane ɗan manomi, kuma yawancinmu 'ya'yan manoma ne.

Mu dubi ƙasar Bichi, Dambatta da Minjibir, inda gona ke manne da gona, ba saura, ba hutu. A shekarar 1975 darɓa ta yaɗa cutar kuturtar gyaɗa, ta lalata kimanin hekta 700,000 a Arewacin Nijeriya. Ƙwayar cutar da ido ba ya gani ta taimaka wajen rushe dalar gyaɗar Kano. Sai da masana na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da abokan aikinsu suka shafe shekaru kafin su fitar da iri masu jure cutar, kamar Samnut 24 a 2011.

Haka kuma funfunar da kan kama gyaɗar da ba ta bushe sosai ba. Tana haifar da gubar afulatoksin, wadda aka gano bayan mutuwar talo-talo kimanin 100,000 a Ingila a 1960. Gubar tana jawo sankarar hanta, kuma suyar ƙuli-ƙuli ba ta kawar da ita.

To, irin waɗannan al'amura ne ya kamata su cika zauren taron nan. Saboda haka muna kira ga malamanmu na Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello da su riƙa zaɓar batun bincike daga rumbun manomi da kasuwar Dawanau. Kowane mai gabatar da takarda ya kawo taƙaitaccen bayani da Hausa, shafi guda tak, wanda malamin gona zai iya karanta wa jama'a a dandali. Sau ɗaya a zango kuma a kai taron ƙauye, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mu kuwa ɗalibai da ƙananan ma'aikata, wajibinmu ne mu halarta, mu yi tambaya, sa'an nan mu kai amsa gida. Da gumin manomi aka gina makarantun nan, ya cancanci ya ga amfaninsu a gonarsa.

Allah ya sa mu dace, amin.