Tsoron Zargi Ne Ke Hana Kociyoyin Amurka Yin Kasada

A watan Satumba na 2011, 'yan wasan ƙwallon Amurka na makarantar sakandaren Pulaski Academy da ke Little Rock a jihar Arkansas suka ci maki 29 tun kafin abokiyar karawarsu, Cabot, ta kai hari ko sau ɗaya. Duk sanda yaran koci Kevin Kelley suka ci maki, maimakon su sheƙa ƙwallo can nesa kamar yadda aka saba, sai su yi ɗan gajeren bugun da ke sa ta birgima tana tsalle-tsalle a ƙasa, su bi ta a guje su danne. Sau uku a jere suka yi haka, 'yan Cabot na tsaye suna kallo.

A ƙwallon Amurka, ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da dama huɗu ta matsa gaba yadi goma. In ta cika, a sabunta mata huɗun. In ta kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya daidai inda aka tsaya. Shi ya sa idan an zo dama ta huɗu, al'adar ita ce a buga ta nesa da ƙafa, a sallama ta, don abokan hamayya su faro daga can baya. Kelley ya yi watsi da wannan al'ada kusan baki ɗaya. A lissafinsa, yadi talatin ko arba'in da ake samu bai kai darajar ci gaba da riƙe ƙwallo ba. Tsakanin 2003 da 2020 ya ɗauki kofin jiha sau tara.

Ba shi kaɗai ya hango haka ba. A 2006 David Romer, masanin tattalin arziki a Jami'ar California da ke Berkeley, ya wallafa binciken da ya nuna cewa kociyoyin babbar gasar NFL suna sallama ƙwallo a wuraren da alƙaluma ke cewa su gwada sa'arsu.

To me ke hana su? Tsoron bakin jama'a. Kocin da ya bi al'ada ya sha kashi, sai a ce 'yan wasa ne ba su yi ba. Wanda ya kauce wa al'ada ya faɗi kuwa, a kansa kaɗai ruwa zai ƙare. A Nuwamban 2009, New England Patriots na gaba da 34 da 28, saura kusan minti biyu, Bill Belichick ya ƙi sallama ƙwallo alhali yana ɓangarensa na fili, yadi biyu kacal yake nema. Ba a cika ba, Indianapolis Colts ta ci wasan 35 da 34, aka yi masa ca. Haka Dan Campbell na Detroit Lions ya sha caccaka a Janairun 2024, bayan ya ƙi bugun maki uku har sau biyu, San Francisco ta farfaɗo daga 24 da 7 ta yi nasara 34 da 31.

Masu caccakar nan su ne dai ke jinjina wa Sean Payton, wanda ya buɗe zagaye na biyu na wasan ƙarshe na Super Bowl a 2010 da gajeren bugun ba-zata, New Orleans Saints ta doke Colts 31 da 17. Su ne ke yaba wa Doug Pederson na Philadelphia Eagles, wanda a 2018, a dama ta huɗu, ya sa mai jefa ƙwallo Nick Foles ya sulale gefe ya zama mai cafewa. Kasadar iri ɗaya ce, inda ƙwallo ta faɗa ne ya bambanta. Adalci shi ne a auna shawarar koci da abin da ya sani lokacin da ya yanke ta.

Masu ra'ayin mazan jiya ma suna da abin kafa hujja. Da Kelley ya koma Presbyterian College a 2021, wasa biyu ya ci, ya sha kashi a tara, ya ajiye aikin bayan kaka ɗaya. Dabara ba ta iya cike gurbin 'yan wasan da aka fi ƙarfi. Amma faɗuwar kaka guda ba ta goge kofi tara ba, kuma yau ganin ƙungiyar NFL ta ƙi sallama ƙwallo a dama ta huɗu ya daina ba kowa mamaki.

Abin takaicin yana wajen masu tsara doka. A 2025 ƙungiyoyi 22 cikin 32 suka kaɗa ƙuri'ar haramta dabarar Eagles ta tura mai jefa ƙwallo ta baya, ƙuri'a biyu kawai suka rage dokar ta wuce. Tun 2024 kuma, da sunan rage raunuka, aka sauya tsarin bugun farko, ya zama dole koci ya sanar kafin ya yi gajeren bugu. Da Payton zai so maimaita abin da ya yi wa Colts a yau, sai ya fara sanar da alƙalin wasa, shi kuma ya sanar da abokan hamayya.