Iskar da ke kashe ƙwaron wake ita ce ke cika biro

Duk ɗan kasuwar da ke sayen wake da kaka a Agiye, ko Cadawa, ko Gazawa, ya jibge shi a magaza yana jiran tsadar bazara, ya san buhun nan mai riɓi uku da ake kira PICS. Leda biyu ne a ciki, buhun saƙa guda a waje, kowane a ɗaure bakinsa tamau. Ba a zuba hoda, ba a sa ƙwayar magani, amma bayan wata shida a kwance a tarar da wake garau kamar jiya aka sussuke shi. Jami'ar Purdue ta Amurka ce ta fito da shi, aka fara yaɗa shi a 2007, kuma a Nijar cibiyar binciken noma ta INRAN reshen Maraɗi, inda malam Ibrahim Bawa da abokan aikinsa suka yi ta gwaji, ta nuna wa manoma ingancinsa. Sirrin buhun ba shi da wuya. Ƙwaron da ke cikin wake yana numfashi, yana cinye iskar rai, wato oksijen, yana fitar da wata iska da ake kira gaz karbonik, wadda masana ke rubutawa CO2. Tun da babu mashiga babu mafita, kafin a daɗe iskar rai ta yi ƙasa, gaz karbonik ya yi sama, ƙwaro ya daina ci, ya daina haihuwa, daga bisani ya mutu.

To, abin da ke faruwa cikin buhun shi ne ke faruwa, kaɗan-kaɗan, cikin kowane ɗaki da aka toshe alhali da mutane a ciki. Iskar waje a yanzu tana ɗauke da gaz karbonik kamar kashi 420 cikin miliyan. Numfashin da ɗan Adam ke fitarwa kuwa yana ɗauke da wajen kashi 40.000 cikin miliyan, kusan ninki ɗari ke nan. Baligi da ke zaune yana fitar da kimanin lita 18 na wannan iska a awa guda. A ɗauki biro mai mita 4 tsawo, 4 faɗi, 3 bisa, wato lita 48.000 na iska. A sa mutum shida a ciki, a rufe ƙofa, a rufe taga, a kunna na'urar sanyi wadda ake kira kilim. In ɗakin ba ya yoyon iska, kafin awa ta cika awo ya haura 2.500. A nan ne taro ke fara yin nauyi, a ga ana hamma, kai na sarawa, a ɗora wa tuwon rana laifi.

Mutane da yawa na zaton kilim na shigo da iska daga waje. Irin wadda ake liƙawa a bango, mai inji a waje da kai a ciki, iskar ɗakin kaɗai take sanyayawa ta maido. Fankar silin ma juya iska take yi kamar mai tuƙa tuwo, ba ta fitar da ko lita guda.

Ba gaz ɗin kansa ne babban abin tsoro ba, don a ƙasashe da dama iyakar da doka ta sa wa wuraren aiki ita ce 5.000 cikin awa 8. Amfanin awonsa shi ne yana faɗin yawan numfashin wasu da mutum ke shaƙa. In ma'auni ya nuna 1.200, cikin kowane numfashi hamsin guda ya riga ya bi ta huhun wani. In ya kai 2.500, abin ya koma ɗaya cikin ashirin. Ta wannan hanya tarin fuka da ƙyanda da mura ke bi. A wata jami'a ta ƙasar Taiwan, tarin fuka ya ɓarke cikin ɗalibai masu karatu a ɗakunan da awonsu ya kai 3.200, da aka gyara mashigar iska ya sauko wajen 600, sai yaɗuwar cutar ta tsaya, kamar yadda binciken da aka buga a 2020 ya nuna. Tun 1858 wani likitan Jamus, Max von Pettenkofer, ya ce ɗakin da ya wuce 1.000 iskarsa ta ɓaci, kuma har yau magina ba su yi nisa da wannan lamba ba. Faransa, daga farkon 2023, ta wajabta awon CO2 a lakwal da gidajen renon yara: ƙasa da 800 iska ta wadata, sama da 1.500 dole a ɗau mataki.

Maganar ta shafi jihar Maraɗi fiye da yadda ake tsammani. Bayan gobarar watan Nuwamba na 2021 wadda ta cinye azuzuwan zana a wata lakwal ta birnin Maraɗi, yara fiye da 20 suka rasu, hukuma ta ƙara himmar maye gurbin zana da bulo da kwano. Babu mai musun hakan. Amma zana, duk da haɗarinta, tana numfashi ta kowane ɓangare. Aji na siminti mai tagogin ƙarfe, in hunturu ya shigo da ƙura mushe ya sa aka rufe su duka, da yara sittin ko saba'in a ciki, ya fi kama da buhun wake. Haka ɗakin jiran likita, haka zauren taro na sababbin birorin da aka gina tun da Gazawa ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, haka shagon alhaji da ya sa ƙofar gilashi don kada sanyi ya fita.

Na'urar awon da ta dace ƙarama ce, ba ta kai tafin hannu biyu ba. A cikinta akwai ɗan fitila mai haske da ido ba ya gani, da wani ido na lantarki a ɗaya gefen. Gaz karbonik na shanye wannan haske, saboda haka gwargwadon raguwarsa gwargwadon yawan gaz. A jikin kwali ana rubuta wa irin wannan NDIR. 'Yan kasuwa masu shigo da kaya su lura da waɗannan haruffa huɗu, domin akwai masu araha da ke rubuta eCO2, waɗanda ƙamshi da wari suke sansanawa su yi kintace. A ƙasar da turaren wuta da na jiki ba sa rabuwa da ɗaki, irin wannan za ta yi ta kururuwa a banza, ta kuma yi shiru ran da ya kamata ta yi magana. Araha dai ba ta ado. Gwajin ba ya bukatar injiniya: a fita da ita waje cikin inuwa na minti goma, ta nuna tsakanin 400 da 450, a hura mata numfashi, lamba ta yi tsalle sama, sannan ta sauko a hankali.

Wurin kafawa shi ne inda masu gyaran kuran suka fi kuskurewa, don sun saba neman inda waya ta fi kusa. Ana kafa ta a bangon ciki, daidai tsayin hancin mutane, tsakanin mita 1 da mita 1,8 daga ƙasa. A nesanta ta da ƙofa da taga, kada ta riƙa auna iskar tsakar gida tana cewa lafiya lau. A nesanta ta da bakin kilim, da inda rana ke bugawa, da kujerar da mutum guda ke zama yana hura mata numfashi yini zubur. Kada a ɓoye ta bayan labule ko kabad. Akasarinsu an ƙera su ne su yi aiki tsakanin digiri 0 da 50, don haka wanda ya rataya ta dab da kwano a watan Afrilu ya gasa kuɗinsa. Ramin da waya ta fito ta bayanta kuma a toshe shi, in ba haka ba iskar cikin tiyo ce za ta riƙa shaƙa.

Sai haɗa waya. Yawancin waɗanda ake kafawa a gini volt 24 suke ci, ba 220 na Nigelec ba, don haka sai da ɗan taransifoma. Inda ake aiki da hasken rana abin ya zo da sauƙi, batir biyu na volt 12 a jere sun ba da 24. Waya uku ce ginshiƙi: ta wuta, ta komawa, da ta saƙo. Ta saƙon ita ke kai labari ga abin da ke juya fanka, kuma iri biyu ce. Akwai mai volt 0 zuwa 10, inda a mafi yawan na'urori volt 10 ke daidai da 2.000, volt 5 ke daidai da 1.000, mai ma'aunin kuran yana iya ɗora shi ya karanta da idonsa. Akwai kuma mai miliampa 4 zuwa 20, wadda ta fi dacewa da waya mai nisa, kamar daga ɗakin masu jinya zuwa ɗakin injuna. Hikimarta ita ce sifili a wajenta miliampa 4 ne. Ran da ɓera ko gara ta katse waya, sai a ga 0, a san waya ce ta mutu. Mai volt kuwa in ta katse, 0 ɗin da take nunawa yana iya kama da iska mai tsabta, fanka ta kwanta barci da mutane a ciki.

Wayar saƙo ba ta tafiya cikin tiyo guda da wayar 220, don kuran mai ƙarfi yana dama mata lissafi. A yi amfani da mai rigar ƙarfe, a kai rigar ƙasa ta gefe guda kawai. In na'urori da yawa suna sha daga taransifoma guda, kowace a ba ta wayar wuta a ramin wuta, ta komawa a ramin komawa. Musanya su a wuri guda na iya ƙona taransifoma da na'ura gaba ɗaya. Wasu suna da ɗan makunni a ciki, wanda ake kira rele, mai kunnawa da kashewa. Wannan ba ya ɗaukar nauyin babbar fanka, sai a sa shi ya ja kwantakta, ita kuma ta ja fanka. A daidaita shi ya kunna a 1.000 ya kashe a 800, don in lamba guda aka ba shi zai yi ta kunnawa da kashewa har mota ta ƙone.

Wutar wannan yanki tana shigowa ne ta layin kilovolt 132 daga Katsina zuwa Gazawa, daga nan ta rabu zuwa Maraɗi da Damagaram. Kowa ya tuna yadda aka kwana da Nijeriya ta yanke ta a watan Agusta na 2023, ba ta maido ba sai watan Maris na 2024. Ginin da numfashinsa ya dogara ga fanka kaɗai, ran da kuran ya tafi ya zama tanda. Saboda haka tagogi su kasance masu buɗuwa, a sa abin kare na'ura daga bugun wuta lokacin dawowarta, a kuma bar mata 'yan mintoci ta natsu kafin a yarda da lambarta. A birnin Lima na ƙasar Peru, masu bincike sun auna ɗakunan asibitoci suka buga sakamako a 2007: buɗe ƙofa da taga kaɗai yana sauya iskar ɗaki sau 28 a awa, tsofaffin gine-gine masu dogon rufi da manyan tagogi kuma sun kai sau 40. A aji ko ƙaramin gidan likita, na'ura mai fitila kore da ja, da mutum guda da aka ɗora wa buɗe taga in ta yi ja, sun isa. Inda aka sa fanka mai zuƙe iska kuwa, sai an bar mata mashiga a bangon da ke fuskantarta, da raga mai tare ƙura, don ba ta fitar da abin da ba a maye gurbinsa ba.

Akwai wani tarko da takardar cikin kwali ke ambata da ƙananan haruffa. Yawancin na'urorin suna gyara awonsu da kansu: suna ɗaukar mafi ƙarancin lambar da suka gani cikin mako guda ko makamancinsa a matsayin iskar waje. A biro ko lakwal, inda ɗaki ke kwana babu kowa, hakan daidai ne. A ɗakin masu jinya ko na haihuwa, inda ba a rasa mutane dare da rana, na'ura za ta ɗauki gurɓatacciyar iska a matsayin mai kyau, ta riƙa rage lamba wata bayan wata. A irin wannan wuri a kashe gyaran kai, a riƙa fita da ita waje ana daidaitawa da hannu. Bayan kowane hunturu kuma a hure ƙurar da ta toshe mata hanci.

Kada kuma a haɗa ta da wata iska mai kusan suna, wato CO, wadda ke fitowa daga kaskon garwashi da injin kuran. Wannan ita ce ke kashe iyali cikin barci lokacin sanyi, kuma na'urar CO2 ba a yi ta don ganinta ba. Ita tana da nata ma'auni dabam.

Ma'aikacin da ke rubuta takardar kwangila shi ke da wuƙa da nama a nan. In ya rubuta «na'urar awon iska, guda goma» ya tsaya, zai samu akwati goma a bango masu ƙyalli, babu wanda ke haɗe da komai. Ya rubuta irinta, da tsayin da za a kafa ta, da irin saƙon da take bayarwa, da fankar da za ta ja, da lambar kunnawa da ta kashewa, da wanda zai dawo dubawa bayan shekara. Ran karɓar aiki kuma, kafin a sa hannu, a shigar da mutum goma cikin ɗakin, a rufe ƙofa da tagogi, a zauna rabin awa ana kallon lamba, har a ji fanka ta tashi da kanta.