Idan Mage Ta Ƙi Cin Abincin Gwangwani

Kin kashe kuɗi kin sayo wa mage abincin gwangwani, ta sunsuna ta kau da kai? Kada ki ce tsirfa ce kawai.

Ƙanshi ne ke jan mage ga abinci. Wanda ya fito daga firij ƙanshinsa ya kwanta, sai ki ɗiga masa ruwan ɗumi ki juya. Idan sabon iri ne, ki riƙa gauraya kaɗan da wanda ta saba har kwana 7.

A kanti, kada ki ɗauki katan guda. Ki sayi ɗaya na kifi, ɗaya na kaza, ki ga wanda ta karɓa. Ki duba ranar lalacewa, ki guji gwangwanin da ya kumbura.

Kada ki zuba mata miya don ki ja ra'ayinta, albasa da tafarnuwa guba ne gare ta.

Amma idan ta wuni ta kwana ba ta ci komai ba, ki kai ta wurin likitan dabbobi. Yunwar kwanaki kan taɓa wa mage hanta.

Sai mako mai zuwa.