Adakar Mai Hoto Ba Tarkace Ba Ce

Makon jiya wani abokina ya kira ni in ga wata adaka da suka ciro daga ɗakin mahaifinsa, Allah ya jiƙansa, wanda ya ƙare rayuwarsa yana sana'ar ɗaukar hoto. Muna buɗewa wani wari mai kama da na ruwan khal ya buge mu. Ambulan ne jere cike da nagatif, ba siririn fim ɗin da muka sani a ƙananan kyamarori ba. Manya ne, kowanne ya kai tafin hannu har da yatsu, wasu ma na gilashi. Ya ce, "Malam, ƙannena na cewa a ƙone su, tunda ba mai wanke irinsu yanzu." Na ɗaga ɗaya wajen hasken taga. Amarya ce da ƙawayenta biyu. Na ce masa ko kusa.

Nagatif shi ne uwa, hoton takarda 'ya ce. Takarda na koɗewa, gara ta ci, yara su yaga, amma muddin uwar na nan za a sake haihuwa. Kuma girman nagatif shi ne arzikinsa. Mai inci 4 da 5, ko mai santimita 13 da 18 da aka fi sani a ƙasashen renon Faransa, yana riƙe da abin da ido bai taɓa gani a ƙaramin hoton da aka ba mai shi ba: zaren aikin babbar riga, zanen lalle, tsagen fuska, rubutun allon shago a can baya.

Seydou Keïta na Bamako ya isa misali. Ya buɗe shagonsa a 1948, yana ɗaukar mutanen gari a kan nagatif mai santimita 13 da 18, yana adana su. A 1991 aka nuna wasu hotunansa a birnin New York ba tare da sunansa ba. Wani Bafaranshe, André Magnin, ya bi sawu har Bamako, ya tarar da tsohon da dubban nagatif ɗinsa. A 2016 aka baje aikinsa a zauren Grand Palais na Paris. Da ya ƙone su, da ba wanda ya san shi. Haka taskar Solomon Alonge, mai hoton fadar Oba na Benin, yau tana cibiyar Smithsonian a Washington. Ba na zargin waɗanda suka adana, sun kyauta. Amma har yaushe za mu riƙa jiran baƙo ya zo ya gaya mana darajar abin da ke ƙarƙashin gadonmu? A Kano da Zariya da Maraɗi da Damagaram an yi masu hoto, kuma sun bar adakoki.

Yau ana iya aikin kwafe nagatif zuwa kwamfuta a gida. Sikanar takarda ta ofis ba za ta yi ba, domin nagatif na buƙatar haske ya ratsa shi daga sama. Ana neman mai fitila a murfi, kuma fitilar ta zama mai faɗi. Epson V700 da V850 suna ɗaukar har mai inci 8 da 10, amma fitilar V600 ba ta kai faɗin mai inci 4 da 5 ba, don haka a duba kafin a saya. Idan aka ɗauki mai inci 4 da 5 a kan ɗigo 2400 a kowane inci, za a samu hoto mai ɗigo wajen miliyan 115. Wanda ba shi da sikana ya ɗora nagatif a kan faifan haske, ya kafa kyamara daidai bisa kansa, ya ɗauka kashi-kashi, ya haɗe a kwamfuta, sannan ya juya baƙi ya koma fari.

Babban abokin gaba a wajenmu ƙura ce, musamman da hunturu. A rufe taga, a sa safar hannu, a riƙe nagatif ta gefe, a hure shi da 'yar robar busa iska. Kada a wanke da ruwa, kada a goge da gefen riga, domin a ɓangaren da ba ya sheƙi hoton yake kwance, kuma ƙarzuwa ɗaya ba ta gyaruwa. Idan ɓangare mai sheƙi ya manne da gilashin sikana, wasu zobba kan fito kamar mai a kan ruwa, shi ya sa ake sa shi cikin firam da zai ɗaga shi kaɗan. A adana a tsarin TIFF, kwafi uku a wurare daban-daban. Abin da aka tura ta WhatsApp an matse shi, ba ajiya ba ne.

Warin khal ɗin nan alama ce fim ya fara ruɓewa, kuma zafi da laima suna hanzarta shi. A ware masu warin, da su za a fara. Fim ɗin da aka yi kafin farkon shekarun 1950 kuwa yana iya zama irin mai saurin kama wuta, wanda ruwa ma da ƙyar yake kashewa. Ko don wannan, ƙonawa ganganci ne.

Wani zai ce ana fama da abinci, wa ke ta sikana? Gaskiya ne, tana da tsada. Amma ba sai kowane gida ya mallaka ba. Ƙungiyar masu hoto ta gari za ta iya sayen guda ɗaya ta riƙa zagayawa, kuma wurare irin Arewa House a Kaduna da Gidan Makama a Kano sun dace su jagoranci wannan. Wani kuma zai ce akwai matan mutane a ciki. Wannan ma gaskiya ne, kuma amana ce. A adana, a nemi iyalan a ba su nasu, kada a watsa a Facebook sai da yardarsu.

Da muka juya hoton amaryar nan a kwamfuta, muka kai wa goggon abokina, tsohuwa mai shekara fiye da 80. Ta daɗe tana kallo, sannan ta faɗi sunan amaryar, da na mijinta, da unguwar da aka kai ta. Abokina ya rubuta a bayan ambulan. Sikana za ta ceto fuska, amma suna sai a bakin tsofaffi, kuma su ma tafiya suke yi. Duk mai irin wannan adaka a gida, ya buɗe ta kafin damina ta sauka, ya kuma zauna da goggonsa tun tana nan.